Daga Gawon Tanimun zuwa Motar Yashi: Tarihin Tsaron Daji a Kudancin Nijar

Matafiyin da ya taso daga Maraɗi ya nufi Damagaram bisa babbar hanyar kwalta yakan yi sa'o'i yana ratsa gonakin hatsi da wake, gona na bin gona, ƙauye na bin ƙauye, har ya kusanci mararrabar Takeita, kimanin kilomita 50 kafin birnin Zandar. A wannan yanki akwai wani daji mai faɗin hekta 6,720 wanda hauya ba ta ci ba. Wanda ya san dazuzzukan kudu ba zai kira shi ƙungurmi ba, domin ƙananan itatuwa ne da ciyawa, da sawun shanu da ya ratsa shi ta kowace kusurwa. Amma a ƙasar da noma ya cinye kusan kowane taƙi, wannan fili shi ne makiyayar dabbobi, daga cikinsa ake samun iccen girki, kuma can masu magani ke zuwa neman saiwa da sassaƙe. A wajajen 1995 kaɗan ya rage a soke sunansa daga jerin gandayen gwamnati a yanka shi gonaki. Yadda aka yi ya tsira babi ɗaya ne cikin wata tsohuwar muhawara da kudancin Nijar ya daɗe yana juyawa: itacen da ya tsiro da kansa, na wane ne?

Kafin zuwan Nasara daji yana da masu shi, ko da yake ba a rubuce ba. A wurin Anna na kwarin gulbin Maraɗi da na ƙasar Ƙonni, daji mazaunin iskoki ne, ba a shigarsa da gatari ko da baka sai an bi ƙa'ida. Zuriyar wanda ya fara saran wuri ita ke riƙe da alkawarin da aka ƙulla da masu wurin, kuma bikin buɗin daji, wanda Masalata ta kusa da Birnin Ƙonni ta shahara da shi, shi ke sanar da cewa lokacin farauta ya yi. A cikin gonaki kuwa, ɗorawa da tsamiya da kuka suna da iyayengiji, ana gadonsu kamar yadda ake gadon rijiya. Yaƙi ma ya yi nasa tsaron. Bayan da masu jihadi suka karɓe Birnin Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa Maraɗi cikin duhuwar gulbi, inda doki ba ya iya sukuwa, kuma tsakaninsu da abokan gabarsu aka bar wani makeken jeji wanda tsoron hari ya hana kowa zama a ciki. Dajin Baban Rafi, da ke kudu da Maraɗi a bakin iyakar Najeriya, ragowar wancan jeji ne.

A Damagaram sarauta ce ta ɗauki nauyin abin. Labarin da aka gada ya ce Sarki Tanimun, wanda ya yi dogon mulkinsa daga 1851 zuwa 1884, ya hana saran gawo a ƙasarsa, ya kuma ɗora hukunci mai tsanani ƙwarai a kan wanda ya karya dokar. Manomin Damagaram bai buƙaci a gaya masa dalili ba. Gawo itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa: yana kakkaɓe ganyensa da damina, ta yadda inuwarsa ba ta danne hatsi, ya fitar da sabon ganye da rani lokacin da komai ya bushe. Dabbobi na taruwa ƙarƙashinsa suna cin ƴaƴansa suna barin taki, ganyen da ya zuba yana ruɓewa a wurin, shi ya sa zangarniyar gindin gawo ta fi ta tsakiyar fili girma. Dokar sarki ta zo daidai da abin da talaka ya riga ya gani da idonsa, kuma wannan dacewa ce dokokin da suka biyo baya suka rasa.

Ranar 4 ga Yuli 1935 gwamnatin Faransa ta fitar da dokar gandun daji ta dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashinta. Ginshiƙin dokar shi ne cewa duk dajin da babu wanda ya riƙe takardar mallakarsa fanko ne marar mai shi, saboda haka na gwamnati ne. Tun da babu Ba'anne ko Bafillacen da ya taɓa riƙe irin wannan takarda, sai aka wayi gari jejin ƙasar duka ya koma hannun hukuma da alƙalami ɗaya. Aka raba shi gida biyu, gandayen da aka keɓe aka shata musu iyaka, da sauran daji da aka ce yana ƙarƙashin kariya, aka kuma jera wasu itatuwa da ba a saransu sai da izini ko da a tsakiyar gonar mutum suke.

A wancan lokaci ne kuma tsoron hamada ya shiga ofisoshin Turawa. Wani masanin daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya zagaya yankin iyaka, ya rubuta a 1935 cewa Sahara na gangarowa kudu, ya ba da shawarar a kafa wata doguwar katangar itatuwa don tare ta. Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana, cikinsu har da André Aubréville, suka bi iyakar Nijar da Najeriya daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Kwamitin bai ga wata rundunar rairayi da ke tafiya kudu ba. Abin da ya gani shi ne ɓarnar wuri-wuri, wadda ya jingina ga sassabe da gobarar daji. Binciken ya rage wa Stebbing ƙarfi, amma ya ƙarfafa wani ra'ayi da ya fi nasa tsawon rai, wato cewa manomi da makiyayi su ne abokan gabar itace, aikin hukuma kuma shi ne ta tsare itace daga hannunsu. Gandun Geselbodi na kusa da Yamai an keɓe shi a 1948, na Takeita kuma cikin shekarun 1950.

Samun ƴancin kai a 1960 bai taɓa wannan tsari ba. Dokar gandun daji ta 4 ga Maris 1974, wadda aka sa wa hannu makonni kaɗan kafin sojoji su kifar da gwamnatin Diori Hamani, ta ɗauko ruhin dokar 1935 kusan ɗungurungum. Ta lissafa itatuwa 15 masu kariya, cikinsu akwai gawo, giginya, goruba, kuka, tsamiya, ɗorawa, aduwa, kaɗanya, maɗaci da bagaruwa, wato dai itatuwan da rayuwar ƙauye ta rataya a kansu. Jami'in gandun daji yana sanye da kaki, yana da ikon cin tara, kuma ƙauyawa sun fi saninsa da tara fiye da shawara. Mai gona da ke son reshen gawon da kakansa ya bari sai ya je gari neman takarda. In baƙo ya sare itacen da dare, mai gonar ne za a fara tuhuma da safe. To, me mai hankali zai yi da tsiron da ya ɓullo a gonarsa, alhali ya san in ya girma zai zama na hukuma, ya kuma zame masa abin jawo tara? Sai ya tuge shi tun yana ƙarami. Dokar da aka yi don kare itatuwa ta mayar da kowane tsiro abin tsoro.

Noman gujiya ya ƙarasa abin da doka ta fara. Harajin da ake biya da tsabar kuɗi ya tura mutanen Maraɗi da Tasawa da Magarya cikin gujiya tun zamanin Nasara, bayan ƴanci kuma kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, ya riƙa saye yana fitarwa waje. Malaman gona suna koya wa mutane su tumɓuke kututture domin garmar shanu ta wuce, har gona fes marar ko ƙirare ta zama alamar manomin kirki. Jama'a na ƙaruwa, saura na ƙarewa, gonar da a da ake hutar da ita shekaru sai ga ta ana nomanta kowace damina. Da farin 1973 da 1974 ya zo, ya tarar da ƙasa tsirara. Iskar farkon damina takan binne shuka da rairayi, manomi ya sake shuka sau biyu ko uku kafin ta kama.

Amsar da gwamnatin Seyni Kunce ta bayar ita ce dashe. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa, samariya da ƴan lakwal suka riƙa fita da ƴan tukwanen roba, furoje-furoje suka buɗe wuraren renon dogon yaro da turare. An samu inda abin ya yi kyau, kamar layukan kare iska na kwarin Majiya a ƙasar Buza, waɗanda aka soma a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE. A mafi yawan wurare kuwa, abin da aka dasa cikin Agusta awaki da rani sun gama da shi kafin Afrilu, domin itacen kowa ba shi da mai ba shi ruwa. A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka fara faɗa a fili cewa ba za a ci nasara ba sai da hannun mutanen karkara. A shekarar ce damina ta ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyakarta, aka shiga yunwar da mutanen yankin suka laƙaba wa suna El-Buhari.

Cikin wannan ƙunci ne aka lura da abin da ke ƙarƙashin ƙafa. Tony Rinaudo, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya gaji da dashen da ba ya rayuwa. A 1983, ya tsaya kan wata hanyar rairayi yana rage iskar tayoyin motarsa, sai ya duba wani ɗan kurmi da ke gefen hanya ya gane cewa toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai cikin ƙasa. Irin waɗannan kututture na sabara da kalgo da magarya da taramniya suna nan birjik a gonaki, kowace shekara suna tohowa, kowace shekara ana sassabe su a ƙone. Dabarar ba ta da wuya. Maimakon a share tohon duka, sai a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran, a riƙa yi musu aski suna miƙewa sama. Tun da saiwar tsohuwa ce mai zurfi, girman da dashe zai yi cikin shekaru da yawa toho na yin sa cikin biyu ko uku. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani.

Bai kamata a mayar da labarin tatsuniyar Bature mai ceto ba, ko da yake Rinaudo ya cancanci lambar yabo ta Right Livelihood da aka ba shi a 2018, shekarar da aka ba Yakuba Sawadogo na Burkina Faso irinta. Barin toho a gona tsohuwar al'ada ce da doka da gujiya suka danne. A lokacin yunwar 1984 an haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a ƙauyuka kusan 100, aka tsare wajen itace 500,000, amma da rabon ya ƙare sai aka sare kimanin kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu su ne suka ga bambanci a rumbu da murhu, maƙwabta kuma suka kwaikwaya ba tare da wani ya biya su ba. A Mirriya da Magarya da Matamaye, inda wannan furoje bai taka ba, gawo ya dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan ɗaya ta hannun manoma da kansu. Akwai kuma wani dalili da ba a cika son faɗa ba a taron hukuma. Faɗuwar farashin yuraniyom da rikicin siyasar shekarun 1990 sun raunana gwamnati, albashi ya yi ta makara, jami'an gandun daji suka rage zagaya ƙauyuka. Da mai kaki ya yi nisa, sai manomi ya soma ɗaukar itacen gonarsa a matsayin nasa, ya kuma soma tsaronsa kamar yadda yake tsaron akuyarsa.

Tsaron kuwa ya buƙaci haɗin kai, domin ɓarawon icce da dare yake zuwa. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin sa ido, suka sa mata a ciki tun da su ne masu neman iccen girki, suka sa wakilan Fulani tun da su ne masu sassako ganyen gawo wa dabbobi, suka tsara ƙa'idoji da tarar da su da kansu suka amince da ita. Ƙauyukan kewaye suka bi sahu. Da masana irin su Mahamane Larwanu da Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na 1975 da na tsakiyar shekarun 2000, sai suka ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5, adadinsu ya kai wajen miliyan 200. Ƙiyasi ne, kuma dawowar ruwan sama bayan shekarun fari ta taimaka. Sai dai hotunan sun nuna itatuwan sun fi yawa inda mutane suka fi yawa, abin da ya saɓa wa duk abin da aka koyar tun 1935.

Itacen gona yana da mai shi guda, shi ya sa gyaransa ya zo da sauƙi. Dajin tarayya ya fi wuya. Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, ɗan kasuwar birni ne ke sayen takardar sara a ofis, ya turo babbar mota da ƴan ƙwadago, su sare abin da suka ga dama a bayan ƙauye, mutanen ƙauyen na kallo ba su da ta cewa. An fara gwada wata hanya a Geselbodi cikin shekarun 1980, inda aka danƙa wa ƙungiyar ƙauyukan kewaye saran gandun bi da bi da sayar da iccensa. Bayan Taron Ƙasa na 1991, gwamnatin riƙon ƙwarya ta fitar da dokar 21 ga Agusta 1992 wadda ta kafa kasuwannin icce na karkara. Ƙauye ke da dajinsa, ƴan ƙauyen ke sara gwargwadon adadin da aka yanka musu a shekara, mai mota kuma dole ya saya a hannunsu. A kasuwar da dajinta ke da cikakken tsari, rabin harajin yana zama a ƙauye, kashi 40 cikin 100 na ƙaramar hukuma, kashi 10 kacal ke tafiya baitulmali. A Baban Rafi, wanda ke ciyar da murhunan Maraɗi, an kafa irin waɗannan kasuwanni da dama. Kuɗin sun gyara rijiyoyi sun cika bankunan hatsi a wasu wurare. A wasu kuma an zarce adadin sara, asusu ya zama na mutum biyu ko uku. Daga wajajen 2019 kuma ƴan bindigar da ke yawo tsakanin iyakokin biyu suka mayar da sassan dajin maɓoya, ya sake zama jejin tsoro kamar a ƙarni na 19.

A nan ne labarin Takeita ya bambanta. A farkon shekarun 1990 gandun na gwamnati ne a takarda, a zahiri kuwa na duk wanda ya riga isa ne. Ana sara ba ƙa'ida, ana share gonaki a cikinsa, masu faɗa a ji na matsa lamba a soke shi a raba. Da an yi haka, da waɗanda suka fi kowa asara su ne waɗanda ba su da murya a gari, wato Fulani da Buzaye masu wucewa da dabbobi, waɗanda wannan fili ne kaɗai wurin da za su sauke garke da damina ba tare da sun shiga shukar wani ba. Kowa a yankin yana tune da abin da ya faru a Toda, cikin jahar Maraɗi, a watan Oktoba 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan fiye da mutum 100, akasarinsu mata da yaran Fulani.

Daga 1995 zuwa 2000 ƙungiyar SOS Sahel ta Ingila ta yi aiki tare da ma'aikatar muhalli a kan gandun, kuma abin da ya fi ɗaukar hankali a aikin shi ne yawan lokacin da aka kashe ana magana kafin a dasa ko itace ɗaya. An bi ƙauyuka da rugage ana tambayar wa ke amfani da dajin, a wane wata, don me. An nemo makiyaya masu ƙaura, waɗanda ba a saba gayyata taro ba saboda ba sa nan lokacin da ake yin sa. An kai wakilai su ga yadda wasu yankuna suka yi da nasu dajin. Sannan aka tara kowa, manoma da makiyaya da mata da sarakuna da jami'an gwamnati, aka yanke cewa gandun zai ci gaba da zama daji da makiyaya, masu amfani da shi kuma su ne za su riƙe shi. Aka zaɓi wakilai, aka kafa ƙungiya mai suna Ku Tayani, hukuma ta amince da ita. Bayan furoje ya naɗe kayansa a 2000, ƙungiyar ta ci gaba da tsaro da dashe da watsa irin ciyawa, ta shiga kiwon zuma da sayar da icce bisa ƙa'ida don ta samu abin gudanar da kanta. Jami'in gandun daji bai ɓace ba, matsayinsa ne ya sauya, ya koma mai ba da shawara da mai tilasta dokar da mutane suka yarda da ita.

Doka ta biyo baya a hankali, kamar yadda ta saba. Ƙa'idojin karkara na 2 ga Maris 1993 sun daidaita mallakar gargajiya da ta takarda, suka kuma kafa kwamitocin filaye, waɗanda Mirriya na cikin wuraren da aka fara gwada su. Ta hannunsu ne ake rubuta makiyaya da burtali a kafa musu turakun siminti. Sabuwar dokar gandun daji ta 8 ga Yuni 2004 ta buɗe ƙofar danƙa daji ga ƙananan hukumomi da al'ummomi. Dokar makiyaya ta 2010 ta amince da ƙaura da dabbobi a matsayin haƙƙi. Sai a 30 ga Yuli 2020 aka fitar da dokar da ta tsara sassaben zamani ta kuma tabbatar wa manomi amfanin itacen da ya rena, shekara 85 bayan dokar da ta ƙwace shi.

Amma yayin da ƙauye ke dawo da itacensa, birni na girma ta wata fuska. Yamai da ba ta wuce mutum dubu 30 da ɗoriya ba a 1960 ta haura miliyan ɗaya a ƙidayar 2012, Maraɗi da Zandar kowace ta wuce dubu 200. Gidan laka yana komawa na siminti, siminti kuwa ba ya tashi sai da yashi da tsakuwa, hanya ba ta shimfiɗuwa sai da jar marmara. Duk waɗannan daga bayan gari ake kwaso su, daga cikin koramu da gulabe da rani, da kuma kan tuddan da geza da sabara ke riƙe da su. Ɓarnar tifa ba irin ta gatari ba ce. Itacen da aka sare yana barin kututture, kuma tarihin shekaru 40 da suka wuce ya nuna abin da kututture ke iya yi. Inda aka kwashe ƙasar kanta, babu saiwar da za ta toho. In aka zurfafa cikin korama, ruwan damina yakan ƙara gudu ya ci gaɓa, gaɓar ta rufta da itatuwan da ke kanta, danshin da ke kwance cikin yashi wanda rijiyoyin lambu ke sha ya ja ƙasa.

Yankan filaye ya fi haƙa saurin ci. Zoben itatuwan da aka soma dasawa kewaye da Yamai a 1965, wanda aka yi nufin ya kai hekta 2,500, akasarinsa dogon yaro, ya sha yanka har wurare da dama suka koma unguwanni, duk da kukan da ƙungiyoyin farar hula da ƴan jarida suka yi ta yi. A farkon shekarun 2000 gwamnati da kanta ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, magadan gari suka tarar da cewa sayar da fuloti da harajin wuraren haƙa suna cikin ƴan hanyoyin samun kuɗi da ke hannunsu. Manomin bakin birni da ya shekara 20 yana renon gawo, in ya ji labarin yanka na tafe, sau da yawa yakan riga kowa sayarwa, ko ya ba masu haƙa hayar gonar, ramin kuma ba ya tsayawa a kan iyakar maƙwabci.

Akwai wani daidaituwar kwanan wata da ya cancanci a lura da shi. A ranar da aka sa hannu kan ƙa'idojin karkara, 2 ga Maris 1993, a ranar ce aka sa hannu kan dokar ma'adinai, lambarsu ma na bin juna, 15 da 16. Ta farko ta matso da ƙasa kusa da mai nomanta. Ta biyu ta ce abin da ke kwance cikin ƙasa ko a bisanta na ma'adini mallakar gwamnati ne, kuma a ƙarƙashinta ne ake ba da izinin haƙar yashi da tsakuwa da marmara. Dokar da ta maye gurbinta a 2022 ta bar wannan tushe yadda yake. Mai gadin kwamitin ƙauye yana iya tare amalanken icce a bakin daji ya tambayi mai shi inda ya saro, domin ƙa'idar da yake tsarewa da shi aka tsara ta a gindin itacen taro. Direban tifar da ke gangarawa korama da asuba yana riƙe da takardar da ta fito daga wani ofis a birni, da hatimin wata ma'aikata dabam, kuma kwamitin ƙauyen ba ya cikin waɗanda suka sa mata hannu.